A Dawo wa Inna da Muryoyin Randagi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Sayarwa da Gyaran Kayan Sauti,
Kasuwar Birnin Gwari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da 'yan ƙungiya baki ɗaya. Yaya kasuwa? Yaya fama da wuta? Allah ya sa albarka a sana'a.

Ranka ya daɗe, na je rumfarka aka ce ka tafi Kaduna saro kaya. Na koma aka ce ka tafi gaisuwar rasuwa. Shi ya sa na zaɓi in rubuto maka a fili, kuma ko da na same ka ma da na rubuta, domin abin da ya faru a gidana yana faruwa a gidaje da yawa, sai dai su ba su san sunan ciwon ba. Ga maganar a taƙaice: amfilifayata ta ƙone a hannun ɗaya daga cikin mutanenka, kuma saboda ƙonewarta mahaifiyata ta ɗaure kayanta, ta ce za ta koma Randagi kafin damina ta zauna. Ban rubuto don a biya ni komai ba. Na rubuto don kada ta tafi.

Bari in faro daga farko, don mai karatu da bai san gidanmu ba.

Ni ma'aikacin jarida ne da ya ajiye aiki ya dawo gida. Tun ina Kaduna na sayi amfilifaya ta ɗaki, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, irin mai nauyin nan da sai da hannu biyu ake ɗaga ta, tare da sifikoki biyu na katako. Ta yi shekaru tana aiki. Ta sha tafiya a bayan mota, ta sha wutar janareta, ta sha ta sola, ba ta taɓa yin ko tari ba.

Bara muka ɗauko Inna daga Randagi. Hawan jini ya matsa mata, ga ciwon suga, likita ya ce dole ta zauna inda za a riƙa duba ta a kai a kai. Ba da son ranta ta zo ba. Ba ta daɗe ba ta yanke wa garinmu hukunci: wai mutane kamar ƙasa, amma ba mai leƙowa ya ce yaya kika kwana. Ga shi kunnenta ya yi nauyi. In aka miƙa mata waya sai ta juya ta gaba da baya ta ce, "Kai, sauro kuka saka a cikin abin nan?"

Abin da ya zaunar da ita shi ne wannan. Akwai wani ɗan'uwanmu, Malam Ɗanjuma, magidanci ne da ke jigilar kaya a babur tsakanin nan da Randagi. Tunda sabis yana wahala a can, sai ya riƙa bi gida-gida yana ɗaukar muryar ƙawayen Inna a wayarsa, ya kawo mana memori. Ni kuma na ɗauke sifika ɗaya daga falona na kai ɗakinta. Ranar da muryar aminiyarta Gwaggo Ladi ta fito daga akwatin katakon nan, cikakkiya kamar tana zaune a bakin gado, Inna ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Lale, lale, Ladi, shigo mana!" Daga ranar ta daina zancen komawa. Tana jin wadda ta haihu, da wadda akuyarta ta ɓata, da wanda ya yi wa gonarsa shinge ya ci iyakar wani. Tana ba su amsa, tana yi musu faɗa, wani lokaci ta ce in mayar da maganar baya don ta kama wata da ƙarya. In memori ya ƙare, a kunna mata tafsiri ko shirin gaishe-gaishe na rediyo. Magani ma da shi take sha ba gardama.

To, ka san halinmu a garin nan. Ba a jin abu mai daɗi a rufe ƙofa. Kawu Sale, ƙanen Inna, da ya taso daga Kazage da iyalinsa ya sauka a sashen zaure, ya ce shi ma a ja masa waya ya riƙa jin tafsiri. Maƙwabcinmu Malam Bello, Bafulatani ne da shanunsa ke kiwo a gefen dajin Kamuku, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, ashe labaran safe naku ne ku kaɗai?" Shi ba don nishaɗi yake nema ba, yana so ya ji halin da hanyoyi ke ciki kafin ya aika wa masu kiwo. Waɗannan ba mutanen da za a ce wa a'a ba ne, kuma ban so in ce ba.

Sai na je wurin mai gyaranmu. Ba zan kama sunansa ba, domin abin da ya yi ba shi ya ƙirƙiro ba, haka ya tarar ana yi. Zan kira shi Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa. Kuma kafin in rubuta wannan wasiƙa na zauna da shi na ji ta bakinsa, bai musa ko ɗaya daga cikin abin da zan faɗa ba. Ya dai ce in rubuta cewa shi ma yana gaishe ka.

Na ɗaya: haɗin wayar.

Tafiya ta kama ni zuwa Kaduna, saboda haka na bar masa aikin. Na ce masa ya duba lambar da ke bayan amfilifayar kafin ya haɗa komai. Ya yi dariya ya ce, "Oga, ni da nake haɗa sautin biki? Wannan tsohuwar taka ko unguwa guda za ta ɗauka." Ya kawo sifikoki biyu da aka ciro daga ƙofar mota, ya yi musu akwati mai kyau, ɗaya sashen Kawu Sale, ɗaya ta tsallaka katanga.

Amfilifayar tana da ɓangare biyu, dama da hagu, kowanne da bakinsa ja da baƙi. Ɓangare ɗaya yana ciyar da sifikar falona, ɗayan yana ciyar da ta Inna. Injiniya ya bar nawa bai taɓa ba. Ya ɗauki wayar Kawu da ta Malam Bello ya murɗe su tare da ta Inna, ja da ja, baƙi da baƙi, ya cusa su a baki ɗaya. Da na tambaye shi daga baya me ya sa bai raba nauyin ba, sai ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Oga, a haɗa wayar maigida da ta jama'a? Ai rashin kunya ne."

Na yaba da ladabin, Ranka ya daɗe. Amma lantarki bai san maigida ba.

A bayan kowace sifika ta kirki akwai lamba, kusa da ita akwai wata alama mai kama da buɗaɗɗen awarwaro. Sunan wannan ma'auni om. Shi ke nuna yadda sifika ke tare wutar da amfilifaya ke turo mata. In lambar babba ce, tarewar tana da yawa, amfilifaya ba ta wahala. In ƙarama ce, wuta ta sami hanya ta kwarara, amfilifaya ta yi ta turawa tana zafi. Mafi yawan sifikokin ɗaki om takwas ne. Na mota om huɗu ne, don an yi su ne saboda rediyon mota. A bayan amfilifayata an rubuta cewa kowane ɓangare yana ɗaukar daga om takwas zuwa goma sha shida.

Inda ake ruɗewa shi ne, mutum yana ɗauka in ya ƙara sifika lambar hawa take yi. A irin wannan haɗin na murɗe wayoyi wuri guda, wanda ni nake kira haɗin dami, sauka take yi. Kamar injin ban ruwa ne da aka yi shi don mesa ɗaya, sai aka huda masa hanya uku: kowace sabuwar hanya ƙarin ruwa take ja, injin kuma ɗaya ne. Takwas da takwas a haɗin dami sun koma huɗu. Huɗu da huɗu sun koma biyu. Takwas ta Inna da huɗu-huɗun nan guda biyu ba su ma kai om biyu cikakku ba. Ɓangaren da aka ce kada a sauka ƙasa da takwas, shi aka ɗora wa wannan.

Na biyu: fiyus.

Amfilifayar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Da zafi ya yi yawa, fiyus ɗinta ya tsinke, ta yi shiru don ta tsira. Ina Kaduna a lokacin. Kawu Sale ya kira Injiniya, ya zo ya buɗe, ya ciro 'yar kwalbar fiyus ɗin, ya ɗaga ta a haske. Kawu ya ce min kalmar da ya faɗa ita ce, "Ragon fiyus ne, irin na Turawa, ba ya son aiki." Ya yanko silin jan ƙarfe ya naɗe wurin, ya kunna, sauti ya dawo. Inna ta sa masa albarka, ta sa aka ba shi fura.

Ranka ya daɗe, na san inda wannan ɗabi'a ta samo asali, kuma ba na raina ta. A shekarun da hanyar Kaduna ta gagara biyuwa, lokacin da ba mai shigo da ko ƙusa, mutanenka ne suka riƙe garin nan da silin waya da dalma da tsoffin rediyo. Na ga Injiniya da idona ya tayar da rediyon da ta faɗa rijiya. Hannunsu yana da albarka. Amma fiyus ba rago ba ne, mai gadi ne. In ya tsinke, cewa yake akwai matsala a ciki, a duba. Wanda ya maye gurbinsa da jan ƙarfe bai gyara komai ba, ya dai rufe bakin mai ba shi labari.

Na uku: ranar hayaƙi.

Na dawo wata Alhamis da yamma na tarar da gida cike da sauti, kowa yana murna, wayoyi an bi da su jikin bango tsaf kamar aikin kamfani. Washegari da hantsi Malam Ɗanjuma ya kawo sabon memori. Jikar Gwaggo Ladi ta haihu, an yi suna. Inna ta zauna ta miƙe ƙafa. Gwaggo Ladi ta fara da gaisuwa, ta bi ta kan ragon da aka yanka da wanda ya ƙi zuwa, ta iso inda ake jira, ta ce, "To, yaro dai an raɗa masa suna..." Sai ɗif. Sai wari. Sai wani siririn hayaƙi ya taso daga bayan kabad.

Wannan karon ba fiyus da zai tsinke, saboda haka wutar ta bi ta kan abin da ta samu. Ɓangaren Inna ya ƙone, taransifomar ciki ta ƙone, ta tafi da ɓangaren maigida da aka yi wa ladabi.

Na ɗauki wayata na saurari sauran maganar, na je kusa da Inna na gaya mata sunan yaron. Ta ce, "Wa ya tambaye ka? Kai ne Ladi?" Har yau ta ce ita ba ta san sunan ba, sai ta ji daga bakin mai jika.

Da na jawo amfilifayar na duba bayanta, sai na ga wani abu da ya kamata ka sani. Kowane mai gyara da ta taɓa ratsa hannunsa, ko da ƙura ya share mata, ya manna sitika mai sunan shagonsa. Kuma duk a wuri ɗaya suke mannawa, kowa a kan ta wanda ya riga shi, daidai kan layin da aka rubuta om, don nan ne ido ke fara sauka in za a sa waya. Sai da na sa farce na ɓare su kamar albasa. Ko da Injiniya ya so karantawa ranar, sunan abokan sana'arsa zai karanta.

Na huɗu: wat ɗin kwali.

Na ce to, kafin a gyara, bari in samo ƙarama ta riƙon ƙwarya. Na zaga rumfunanku. Duk inda na tsaya na tambayi om, sai a nuna min lambar ƙarfi a jikin kwali a ce, "Alhaji, wat dubu uku ce." Abin da ake nuna min kuwa, yaro ɗan shekara biyar zai ɗaga shi da hannu ɗaya. Wani ya ce min om sunan kamfani ne kuma kayansu sun daina shigowa.

Manyan lambobin nan na jikin kwali ado ne na masu kamfani. Ƙarfin da amfilifaya za ta iya riƙewa tana aiki ba tsayawa, shi ne wanda ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe, sau da yawa tare da haruffan RMS, kuma yakan zama ɗan kaɗan ƙwarai in aka gwada da na kwalin. Ita ma sifika tana da nata wat a rubuce, wato abin da za ta iya sha ba ta ƙone ba. Abin da ake so shi ne lambobin gaskiya na ɓangarorin biyu su yi kusa da juna.

Wani mai shago, shi ma ɗan ƙungiyarka, ya yarda ya biyo ni gida da ƙarama ɗaya mu gwada a sifikar Inna. Ya haɗa, ya kunna kiɗa, ya murɗa murya har ƙarshe. Sautin ya fashe, yana karkarwa kamar an saka tsakuwa a gwangwani. Ina ce masa ya rage, yana ganin bakina yana motsi, yana ɗaga min babban yatsa. Da ya kashe sai ya ce, "Sai an ƙure ta ake sanin gaskiyarta, Alhaji."

Mutane da yawa sun ɗauka babbar amfilifaya ce kaɗai ke kashe sifika. Ƙarama ma tana kashewa, in aka tilasta mata abin da ya fi ƙarfinta. Wannan fashewar sauti da ake ji, alama ce ta cewa ta kai iyakarta, tana tura gurɓatacciyar wuta, kuma ƙaramar sifikar nan ta sama da kuke kira twita ita ke fara shan ta. Haka aka yi. Twitar Inna ta mutu a wannan gwaji. Ita ce kuwa mai fito da kaifin magana, wanda ke raba kalma da kalma, kuma shi ne daidai abin da kunnen tsoho ke fara rasawa. Muka sa memorin, muka kunna a hankali. Inna ta saurara ta ce, "Ladi mura take yi, ko a cikin tulu take magana?" Mai shago ya naɗe wayarsa ya tafi da kayansa.

Inda muke ke nan, Ranka ya daɗe. Amfilifaya tana rumfar Injiniya a kan tarin 'yan'uwanta. Na tsaya na dubi tarin nan: akwai ta masallaci, akwai ta gidan kallon ƙwallo, akwai ta majalisar masu shayi. Na tambayi masu guda biyu daga cikinsu, labarin iri ɗaya ne, an ƙara sifika don wani ya ji, an murɗe waya, an sa jan ƙarfe. Kowa kuma wutar gari yake zagi.

Inna kuwa ta koma yadda take farkon zuwanta, har ta fi. Ta ɗaure zannuwanta a ƙulli ta ajiye a ƙarshen gado. Ta aika wa Malam Ɗanjuma cewa ya shirya mata wuri a bayan babur. Tana faɗa tana dariya, amma ni na san ta. Kai ma ka san hanyar Randagi in ruwa ya zauna: babur da buhu ma sai an sauka an tura, balle babur da tsohuwa mai hawan jini. In ta tafi yanzu, ba asibiti, ba gwajin suga, sai bayan kaka in Allah ya kai mu.

Da Kawu Sale da Malam Bello suka ji abin da ya jawo ƙonewar, sai suka zo tare, kowa riƙe da sifikarsa. Malam Bello ya ajiye tasa a gabana ya ce, "Malam, mu muka kashe ta. A bar wa Inna abinta, ni zan riƙa tambaya a bakin masallaci." Inna ta jiyo su daga ɗaki, don irin wannan maganar kunnenta ba ya kuskure ta. Ta fito ta ce, "Bello, ɗauki kayanka. Ni in zauna ina jin daɗi an yanke maka waya? Ashe gara in tafi tun yau."

Ka ga ke nan ba a ba ni zaɓin rage sifika ba. Dole kowa ya ji, kuma dole amfilifaya ta rayu. Abin farin ciki shi ne, hakan mai yiwuwa ne da kayan da ke gidan, ba sai an sayi ko ɗaya ba. Akwai haɗi na biyu, wanda nake kira haɗin jere. Maimakon a tara wayoyi a baki ɗaya, sai ja ta fita daga amfilifaya ta shiga sifika ta farko, baƙar ta farko ta shiga jan ta biyu, baƙar ta biyu ta shiga jan ta uku, baƙar ta ƙarshe ta dawo gida. A wannan haɗi lambobin tarawa ake yi. Huɗu ta Kawu, huɗu ta Malam Bello, takwas ta falona: goma sha shida, daidai iyakar da aka yarda. Sautinmu zai ɗan ragu, amma mu kunnuwanmu lafiya lau. Ɗayan ɓangaren kuma a bar wa Inna ita kaɗai da takwas ɗinta. Na faɗa wa Injiniya haka, ya ce shi dai har yanzu yana jin nauyin haɗa wayata da ta jama'a. Na ce masa in ladabi ake nema, a gidan nan akwai wadda ta haifi maigida.

Saboda haka ga roƙona gare ka da ƙungiya.

Na farko, kuma shi ne na gaggawa: ka sa baki a naɗa taransifomar amfilifayata, a sauya abin da ya ƙone da irinsa ba mai kama da shi ba, a mayar mata da fiyus na gaskiya mai lambar da aka rubuta a gurbinsa, a kuma samo twita mai om ɗin da ya dace da sifikar Inna. Na fi so Injiniya da kansa ya yi, don ba na son a ce na raba shi da aikin gidanmu. Kuɗin kaya a wuyana. Abin da nake nema a wurinka shi ne lokaci, domin hadari ya fara haɗuwa ta gabas.

Na biyu: a taronku na gaba, a ware ɗan lokaci a nuna wa kowa bambancin haɗin dami da haɗin jere, da sifika biyu da mitar awon wuta ta masu gyara a kan tebur. Kusan kowace rumfa tana da mita, ana dai amfani da ita ne don a ga ko waya ta tsinke. In sifika ba ta da rubutu, a ɗora mata mitar: in ta nuna wajen shida, 'yar takwas ce, in ta nuna wajen uku, 'yar huɗu ce. Wannan ba ya buƙatar takardar makaranta. Mutumin da ya iya gane ciwon rediyo da jin warinta ba zai kasa wannan ba.

Na uku: a daina ƙure murya da sunan gwaji, a kuma daina sayar da sifikar mota a matsayin ta ɗaki ba tare da an gaya wa mai saye ba. In mutum ya zo sayen ƙarin sifika, a tambaye shi guda nawa ke kan amfilifayarsa tun da farko. Tambaya ɗaya ce.

Sitika kuwa, ban ce a daina ba, kowa yana son a san shagonsa. A manna ta a sama, ko a gefe, ko a goshin mai kayan in ya yarda. A dai bar mana layin om a buɗe.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi nauyi a bakina. Na gaya wa Inna cewa na rubuta wa Shugaba kuma za a gyara. Ta ce ta san ni tun ina rarrafe, kuma ta san mutumin da ya yi rayuwarsa yana rubuta alkawuran gwamnati a jarida ba ya jin nauyin kalmar "za a". Ta ce in da gaske akwai wani Shugaba, ya zo da ƙafarsa ya faɗa mata da bakinsa, ta ga idonsa. In ya zo, za ta kwance ƙullin ta jira. In bai zo ba, ranar kasuwa mai zuwa tana bayan babur.

To, Ranka ya daɗe, Injiniya ya san gidan, zai rako ka. Ka zo da hantsi bayan ta sha magani, lokacin ta fi sauƙin kai. Ka zauna ta ɓangaren damanta, ka ɗaga murya sosai, kada ka ji kunya. Kuma kada ka ce mata "za a duba". Ka faɗi rana.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon riƙe jama'arka da adalci. Allah ya buɗa wa 'yan ƙungiya kasuwa, ya tsare hannuwansu daga wuta, ya zaunar mana da garinmu da ƙauyukanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Naka,
Malam Isiyaku, ɗan Inna,
Birnin Gwari.